Ikkilisiya a Ƙasar Zargi: Jamus ta Gabas, 1949–1992

Bayan yaƙin duniya na biyu Jamus ta rabu gida biyu. A 1949 aka kafa Jamus ta Gabas a ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, kuma a cikinta ne garuruwan Martin Luther suka faɗa, wato Eisleben inda aka haife shi da Wittenberg inda ya koyar. Yawancin mutanen ƙasar 'yan Furotesta ne a lokacin, gwamnati kuwa ba ta yarda da Allah ba, ba ta kuma yarda da talakawanta ba. Wannan darasi zai duba abin da ya sami amana a irin wannan ƙasa, da yadda ikkilisiya ta yi hidima a cikinta.

Hukumar da ta zargi kowa

A Fabrairun 1950 aka kafa Ma'aikatar Tsaron Ƙasa, wadda aka fi sani da Stasi. Erich Mielke ya shugabance ta daga 1957 har 1989. A shekararta ta ƙarshe tana da ma'aikata wajen 91,000, ga kuma 'yan rahoto na ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 17 ba. Waɗannan 'yan rahoto ba su da kaki. Maƙwabta ne, abokan aiki, malaman makaranta, wani lokaci ma miji ko mata. An jawo waɗansu da kuɗi ko ƙarin girma, an tsorata waɗansu da wani laifi da aka riƙe musu, waɗansu kuma sun gaskata cewa ƙasarsu suke yi wa aiki.

A 1976 hukumar ta rubuta wata dabara a cikin ƙa'idodin aikinta, wadda ma'anar sunanta ita ce ruɓarwa. Maimakon a kama mutum duniya ta ji, sai a lalata shi a hankali: a baza jita-jita a kansa, a aika wa matarsa wasiƙa marar suna, a toshe masa ci gaba a wurin aiki. In ƙungiya ce, sai a raɗa wa wasu cewa wane ɗan rahoto ne, alhali ba shi ba ne. Da zarar 'yan'uwa sun fara kallon juna a kaikaice, aikin hukuma ya ƙare, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ikkilisiya tsakanin biyayya da shaida

Ikkilisiya ce kaɗai babbar ƙungiyar da jam'iyya ba ta mallaka ba, saboda haka Stasi ta keɓe mata sashe na musamman. A 1953 aka tsananta wa ƙungiyoyin matasa na ikkilisiya, aka kori ɗalibai da yawa daga makarantu. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka kawo bikin keɓe matasa na gwamnati domin ya maye gurbin tabbatarwa, kuma yaron da ya ƙi shi yakan rasa damar yin karatu mai zurfi.

Shugabannin ikkilisiya sun zaɓi su zauna su yi magana da hukuma. Ranar 6 ga Maris, 1978, Bishof Albrecht Schönherr ya gana da shugaban ƙasa Erich Honecker, aka sami ɗan sassauci. Har yau masana suna muhawara a kan wannan hanya. Wasu sun ce ta kāre ɗan filin da ikkilisiya take numfashi a ciki, wasu sun ce ta saba wa shugabanni da ganawa a asirce, har waɗansu suka kasa sanin inda sulhu ya ƙare cin amana ya fara. Misali mai ɗaci shi ne Wolfgang Schnur, lauyan da ikkilisiya ta amince da shi, mai kāre masu adawa da gwamnati a kotu. A Maris 1990 aka gano cewa shekara da shekaru yana kai rahoton mutanen da yake kārewa.

Ƙofa a buɗe a Leipzig

Daga 1982 aka fara addu'ar salama kowace Litinin da ƙarfe biyar na yamma a majami'ar Nikolai da ke birnin Leipzig, inda Christian Führer yake fasto. Ya san akwai 'yan rahoto a kan bencuna, amma bai sa a tantance masu shiga ba. Allon da ke ƙofar majami'ar cewa yake a buɗe take ga kowa. Abin da za a faɗa, a fili ake faɗinsa daga bagade, yadda Ubangiji ya shaida wa babban firist a Yohanna 18:20 cewa bai koyar da kome a ɓoye ba.

Ranar 9 ga Oktoba, 1989, aka cika birnin da 'yan sanda da sojoji, mutane kuwa suna tune da kisan da aka yi a Beijing a watan Yuni. Jam'iyya ta aiko ɗaruruwan 'ya'yanta su cika majami'ar tun da rana domin su hana wasu wuri. Aka bar su suka zauna, suka ji bishara tare da kowa. Da aka tashi, mutane wajen 70,000 suka zaga birnin, da yawa riƙe da kyandir, suna kira kada a yi tashin hankali. Ba a yi harbi ba. Bayan wata ɗaya, ranar 9 ga Nuwamba, aka buɗe katangar Berlin.

Gaskiya da jinƙai

Da mulkin ya faɗi, jami'an Stasi suka shiga ƙona takardu da yayyaga su. Daga 4 ga Disamba, 1989, jama'a suka mamaye ofisoshinsu, aka fara da Erfurt. Abin da aka ceto, in an jera shi, ya kai kilomita 111. Aka ɗora kula da shi a kan Joachim Gauck, fasto daga Rostock wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Jamus. Dokar Disamba 1991 ta ba kowa ikon karanta abin da aka rubuta a kansa, aka fara a Janairun 1992. Wasu sun tarar da sunan aboki ko na miji a ciki, aure ya mutu, zumunci ya watse. Wasu kuma sun tarar cewa wanda suka daɗe suna zargi bai taɓa cin amanarsu ba, har ma an neme shi ya ƙi.

A ƙarshen Janairun 1990 Honecker ya fito daga asibiti ba shi da wurin zuwa. Fasto Uwe Holmer ya karɓe shi da matarsa Margot a gidansa a Lobetal har kusan mako goma. Margot ce ta daɗe tana ministar ilimi, kuma a zamaninta aka hana yawancin 'ya'yan Holmer ci gaba da karatu. Masu bi da yawa sun yi fushi da shi. Holmer bai ce Honecker ba shi da laifi ba, bai kuma tsaya wa shari'a a hanya ba. Ya dai ƙi ya mayar da mugunta da mugunta.

Abin lura ga mai hidima

Romawa 13 ta kira mai mulki bawan Allah domin kyautata wa jama'a, Ayyukan Manzanni 5:29 kuma ta sa wa biyayya iyaka. Ɗan sandan da yake bin sawun mai laifi yana cikin aikinsa, ya kuma cancanci haɗin kanmu. Hukumar da ta ɗauki kowa mai laifi ta bar aikinta, kuma duk yawan rahoton da ta tara bai cece ta ba. Ikkilisiya ba ta iya hana ɗan rahoto shiga ba, amma inda ta shiga farautarsa ta yi wa maƙiyi aikinsa. Makiyayi ya yi abin da zai iya faɗa a gaban kowa. In jami'in tsaro ya neme shi, ya sanar da dattawa, ya tafi da shaida, kada kuma ya sayar da asirin da ɗan ikkilisiya ya ba shi amana.

Tambayoyin tattaunawa

1. Mene ne bambancin tsare garke da zargin garke?
2. In jami'i ya nemi labarin wani ɗan ikkilisiyarka, me za ka faɗa, me za ka riƙe?
3. Wani ya zo maka a ɓoye ya ce ɗaya daga cikin dattawa ɗan rahoto ne, ba shi kuwa da shaida. Yaya za ka yi?