Shingen Gida a Gadarif: Daga Ƙaya zuwa Kwano

Garin Gadarif yana gabashin Sudan, wajen kilomita 400 daga Hartum, a kan hanyar zuwa Habasha. Baƙon da ya zo daga Kano ko Katsina yakan yi mamaki da ganin gidajen talakawa na wannan gari, gama a ƙasar Hausa katangar ƙasa ita ce suturar gida, amma a nan ɗakin ciyawa da danga suka daɗe suna sarauta. Bari mu bi tarihin wannan danga, domin akwai abin koyo a ciki ga duk mai niyyar kewaye gidansa.

Dalili na fari yana cikin ƙasar kanta. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani kuwa ta bushe ta tsattsage, har a iya sa hannu cikin tsagar. Katangar da aka kafa a kanta ba tare da tushe mai zurfi ba, ba ta jimawa sai ta rabu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a Gadarif kuwa ƙasa ce da kanta take tsaga bangon. Saboda haka mutanen dā suka zaɓi abu mara nauyi, wanda zai motsa tare da ƙasa.

Shinge mafi tsufa shi ne na ƙaya, wanda Larabawa ke kira zariba. Makiyaya na kabilar Shukuriyya, waɗanda kasuwar shugabansu Abu Sin ta zama tushen garin, sukan sare rassan wata ƙaya mai suna kitir, su jera su kewaye da garke saboda kura da ɓarawo. A zamanin Mahadi zariba ta zama kayan yaƙi. A watan Maris na 1889 sojojin Habasha suka auka wa zaribar mutanen Mahadi a Galabat, kudu maso gabas da Gadarif, a nan ne kuma Sarki Yohanna na Huɗu ya sami raunin da ya kashe shi. Ƙaya ba ta cin kuɗi, tana kuwa tsare dabba da maƙiyi, amma ba ta rufe asirin gida, gama ido yana ratsa ta.

Galabat ɗin nan tun dā mazaunin Takari ce, wato mutanen yamma masu tafiya hajji a ƙasa. Yawansu ya ƙaru bayan 1903, sa'ad da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har bakin Kogin Nilu. Da jirgin ƙasa ya iso Gadarif a 1928, Hausawa da Filani da Barebari da yawa suka tsaya noma domin neman guzuri, waɗansu kuwa ba su ƙara gaba ba. Mutanen nan sun san zana da darni tun daga gida. Sun tarar da irinsu a nan, ana ce masa sarif: a kafa dirkoki, a jera kara ko ciyawa a tsaye, a ɗaure da tanka. Tsawonsa yakan wuce kan mutum, domin matan gida su yi aikinsu a sake.

A tsakiyar shekarun 1940 gwamnatin Ingila ta fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya, kusa da garin. Gonakin dawa da riɗi suka yi ta faɗi shekara da shekaru, ana share daji. Kara ya yalwata, itacen dirka kuwa ya yi wuya, ya yi tsada. Unguwanni suka cika da ma'aikatan gona, dangar wannan tana jingine da ta wancan. Daga nan gobara ta zama babbar abokiyar gāba. Da rani, in iska ta taso, tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya cinye gidaje da yawa kafin a ɗebo ruwa, ruwan ma ba ya wadata a Gadarif. Ga kuma gara, wadda takan sa a sabunta dangar kara kusan kowace shekara.

Wannan ya sa masu ɗan hali suka koma ga kwano, masu ƙarfi kuma ga jan bulo da siminti. Kwano ba ya cin wuta, amma yana tara zafi, iskar farkon damina kuma takan fizge shi in dirkokin ba su kafu ba. Bulo yana daɗewa, in an kashe kuɗi mai yawa a tushe. Shingen itace mai rai ma yana da nasa haɗari. An shigo da itacen miskit cikin Sudan a 1917, aka yi ta dasa shi domin tare rairayi, sai ya mamaye gonaki a gabashin ƙasar, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya koro dubban mutane zuwa Gadarif, aka sāke ganin shingen buhu da tamfal, irin na wanda bai san ranar komawa gida ba.

Ya mai karatu, in za ka kewaye gidanka, ka fara tambayar ƙasarka, sa'an nan aljihunka, amma kada ka manta da maƙwabci. Dangar da ke tsakaninku taku ce ku biyu, wutar da ta kama gefensa kuwa ba ta san iyaka ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A cikin Attaura, Maimaitawar Shari'a 22:8, an umarci mai sabon gida ya ja rawani a kan soronsa, kada wani ya fāɗi alhakin ya hau kansa. Wato Allah yana duban yadda gininmu ya shafi ran wani. Ka nisanta murhu da danga, ka bar hanyar da tsoho da yaro za su tsere, ka kuma shawarci maƙwabcinka kafin ka kafa dirka ta fari.