Wuƙa da Agogo a Adar: Abin da Kayan Aljihu ke Shaida wa Masanin Tarihi

A bakin Bahaushe kalmar ƙarfe tana ɗauke da ma'ana biyu: abin da maƙeri ke sarrafawa, da kuma sa'ar agogo, kamar a "ƙarfe biyu". Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, a barikin Turawa akan rataye guntun ƙarfe a riƙa bugawa don sanar da lokaci. A wannan maƙala za mu bi sawun ma'anonin biyu a ƙasar Adar, musamman Tawa da karkarar Bambeye da ke kudu maso yamma da ita, ta hanyar duba abubuwa biyu da namiji ke fita da su kullum, watau wuƙa da agogo. Ra'ayinmu shi ne, waɗannan ƙananan kaya shaidu ne na tarihin ci-rani, kuma sun cancanci a tattara su kamar yadda ake tattara takubba da tsoffin takardu.

Wuƙa da maƙeranta

Tarihin sarautar Adar ya samu marubuta. Djibo Hamani ya fitar da nazarinsa kan Adar kafin mulkin mallaka a 1975, inda ya bi labarin Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17. Amma a kan ƙira, aikin Nicole Echard ne madogara: maƙalarta ta 1965 kan maƙeran Adar, da fim ɗinta Noces de feu na ƙarshen shekarun 1960, wanda ya nuna narkar da tama da irin al'adun da ke kewaye da ita, inda ake kwatanta aikin da aure da haihuwa.

Abin lura a nan shi ne matsayin wuƙa a cikin wannan tsari. Maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, su ke ƙera ta tare da hauya da gatari da lauje. Baduku ya ɗinka mata kube. Mai wuƙa ya san wanda ya ƙera ta, kuma wurinsa yake komawa idan ta dakushe ko ta karye. Ba ado ba ce kawai. Matafiyi na bukatar ta don yanke igiya, da gyaran sirdi, da kuma yanka dabbar da ta faɗi a hanya kafin ta zama mushe, abin da ba ƙaramar asara ba ce ga talaka. Wuƙar da ake ɗaurawa a damtse, wadda Buzaye da Hausawan yankin suka yi tarayya a kanta, ta haɗa wannan amfani da tsaron kai.

Sau da yawa akan ce kayan Turai ne suka kashe ƙira. A ganinmu maganar ta yi gaggawa. Abin da ya mutu shi ne narkar da tama, domin tarkacen ƙarfe na motoci da ganguna ya fi sauƙin samu. Maƙeri kuwa ya ci gaba da zama gaban zugazuginsa, har ma ya gane cewa sifirin ɗin mota na ba da wuƙa mai kaifi.

Su ma wuƙaƙen aljihu na farko da suka shigo Afirka ba su raba mutum da maƙeri ba, tunda da ƙarfe mai tsatsa aka yi su, wanda ke karɓar washi. Akwai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 domin kasuwannin mulkin mallaka. Akwai Opinel ta ƙasar Savoie, tun 1890. Sai Douk-Douk, wadda gidan Cognet na garin Thiers ya fitar a 1929 da nufin sayarwa a tsibiran Melaneziya, amma sai ta samu karɓuwa a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki. Da yake hoton dodo mai siffar mutum da ke jikinta bai dace da masu saye Musulmi ba, sai kamfanin ya fitar da wani samfuri mai suna El Baraka, ya zana masa alamar nan ta azurfa da Turawa ke kira Croix d'Agadez. Ashe ke nan masana'antar Faransa ta ari zanen maƙeran Abzin don ta sayar da wuƙarta.

Ƙarfe marar tsatsa, wanda ake kira inoks, shi ne ya kawo sauyi na haƙiƙa. Harry Brearley ya samar da shi a Sheffield ta Ingila a 1913, kuma sirrinsa shi ne sinadarin kuromiyom da ya haura kashi 10 cikin 100. Yana da wuyar sarrafawa a wutar gawayi, ga shi kuma da ya yi araha, musamman bayan shigowar kayan Sin, gyaransa ya fi sayen sabo wahala. Wuƙar da ta lalace sai a yar. Duk da haka, idan Babbar Salla ta matso, wuƙar maƙeri ake nema don layya, abin da kowa ke iya gani a kasuwar Lahadi ta Tawa.

Agogo

Agogo bai tarar da wani abu irinsa da zai ture ba. Yini a ƙasar Hausa yana da sunayensa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha, kuma inuwa ce ma'auni. Kalmar ma aro ce daga Yarbanci, inda agogo ke nufin ƙararrawa, abin da ke nuna cewa ta kudu abin ya biyo. Bayan zuwan Faransawa Tawa a farkon ƙarni na 20, sa'a ta zama ta bariki da lakwal da ofis. Don haka waɗanda suka fara ɗaura agogo su ne masu hulɗa da hukuma: tafinta, malamin makaranta, tsohon soja.

Ci-rani ne ya fitar da shi daga wannan da'ira. Tilascin biyan lanho da kuɗin Faransa ya tura samarin Adar neman kuɗi da rani, soke aikin dole a 1946 ya sassauta tafiya, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 kuma suka mayar da ita babbar hanyar rayuwa, kamar yadda Benedetta Rossi ta nuna a littafinta na 2015. Wanda ya dawo daga Kano ko Abijan, daga baya kuma Libiya, da agogo a hannu, ya sanar da ƙauye cewa tafiya ta yi kyau ba tare da ya buɗe baki ba. Alhazai suka riƙa kawo shi tsaraba, ya kuma shiga kayan lefe. Rediyo ta taimaka ƙwarai: da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Rediyon Nijar ta 1958, mai agogo a karkara ya samu inda zai saita shi. Agogon batir mai kwats (quartz), da Seiko ya fara fitarwa a 1969, da Casio F-91W na 1989, sun karya farashi, suka mayar da mai gyaran agogo mai sauya batir. Wayar salula ta ƙarasa sauran aikin daga shekarun 2000.

Yadda za a karanta su

A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan kaya don sha'awa, kuma ko da manufarsu ba tamu ba ce, sun yi mana aiki: sun tantance shekarun samfura. Zoben da ke kulle bakin Opinel an ƙara shi a 1955, don haka wadda ke da shi ba ta girmi wannan shekara ba. Okapi ta koma Afirka ta Kudu a 1988, sunan ƙasar da ke jikin ƙarfenta ya isa ya raba tsohuwa da sabuwa. A bayan agogon Seiko, lambar farko na nuna ƙarshen shekarar ƙira, ta biyu kuma wata.

Amfanin wannan ga mai tattara tarihin baka a bayyane yake. Dattijo a Bambeye zai ce ya fara zuwa Abijan "bayan babbar yunwa", alhali yunwa ba ɗaya ba ce. Agogon da ya sayo a tafiyar, idan yana nan cikin adaka, zai iya nuna wadda yake nufi. Sai dai lambar tana ba da shekarar da abin ba zai girma ba ne kurum, domin kayan gwanjo kan daɗe suna yawo kafin su iso. Don haka muna ba ɗalibai masu fita bincike shawara su ɗauki hoton gaba da bayan kowane agogo da wuƙa, su rubuta inda aka saya, da kuɗin da aka biya, sefa ne ko naira, da hannuwan da abin ya ratsa. A gaggauta kuwa, domin ranar rabon gado ba a cika lissafa mataccen agogo ba. Yara ake miƙa wa su yi wasa.