Fides et Ratio

Fides et Ratio wasiƙa ce da Paparoma John Paul na Biyu ya aike wa bishop-bishop na Cocin Katolika kan dangantakar bangaskiya da hankali. Ya sa mata hannu ran 14 ga Satumba, 1998. Ita ce ta 13 cikin manyan wasiƙunsa, tana da babi bakwai.

Wasiƙar ta koyar da cewa bangaskiya da hankali ba sa karo, domin gaskiya ɗaya ce kuma daga Allah take. Hankali na iya gane akwai Mahalicci ta hanyar lura da halitta, amma asirai irin su Triniti sai ta wahayi ake saninsu. Wannan ne matsayin da Majalisar Batikan ta Ɗaya ta tabbatar a 1870.

Paparoman ya soki masu watsi da hankali da sunan addini, da masu ganin kimiyya kaɗai ce hanyar sani, da masu cewa babu tabbatacciyar gaskiya. Ya yaba wa masanin tauhidi da falsafa Toma Akwinas, kamar yadda Paparoma Leo na 13 ya yi a 1879, ya kuma nemi masana tauhidi su riƙi falsafa da muhimmanci.