Muraƙaba da Tabon Bauta a Ƙasar Adar

A ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare Hadijatu Mani daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 1996 aka sayar da ita a kan sefa jaka 240, tana da shekara 12, ga wani mai hali a yankin Birnin Ƙonni. Nan ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu, ba sadaki, ba ɗaurin aure, daka da ɗibar ruwa da aikin gona duk a kanta. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma da ta auri wanda ranta yake so, sai ya ce matarsa ce, aka ɗaure ta bisa zargin aure kan aure. Duk wannan ya faru ne alhali Faransa ta haramta bauta a yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma tun 1905, kuma dokar Nijar ta 2003 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ga mai bautar da mutum.

Binciken da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka yi wa ƙungiyar Timidria da Anti-Slavery International, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa al'adar wahaya ta fi ƙarfi a jihar Tawa, tsakanin Ƙonni da Madawa da Illela, yankin da Tajaye take ciki. Yawancin 'yan matan daga gidajen da ake kira na bayin Abzinawa suke fitowa, wasu ma ana ƙetara iyaka da su zuwa arewacin Najeriya. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan tarihin Adar, ƙasar da ke cikin wannan jiha, ta bibiyi yadda jikokin bayi suka riƙa neman mafita ta hanyar cin rani da komawa magana da Hausa, duk don a daina tuna musu asali.

Abin da nake son kafawa a nan shi ne cewa doka ta kai inda za ta iya kaiwa. Alƙali yana iya ƙwato yarinya daga hannun ubangida, amma ba shi da sammacin da zai aika wa raini. Rainin nan kuwa yana cakuɗe da asali da sana'ar kakanni, wani lokacin har da launin fata, kuma yana aiki ne a ɓoye, kafin mai shi ya ankara.

A Amurka, inda tabon bauta ya bi launi, wasu masana sun juya ga horon natsuwa. Jon Kabat-Zinn ya fara shirinsa na rage damuwa ta wannan hanya a Jami'ar Massachusetts a 1979, daga baya Ruth King a 2018 da Rhonda Magee a 2019 suka wallafa littattafai kan amfani da shi wajen yaƙar wariya. Hujjarsu ita ce, mutum ya koyi lura da abin da ke motsawa a zuciyarsa a daidai lokacin da yake motsawa, domin ƙyamar da ba a gani ba, ba a iya gyara ta. Mutanen Adar ba sa buƙatar aro daga nesa. Al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, ya gina koyarwarsa kan yi wa kai hisabi, Imamu Gazali kuma ya ware babi guda a cikin Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba, wato sa ido a kan zuciya da yi wa kai hisabi. Littattafan nan suna cikin zaurukan malamanmu. Bukhari ya ruwaito cewa Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya tsawata masa, ya nuna masa cewa da sauran jahiliyya a tare da shi. Sahabi ne mai daraja, amma abin ya kuɓuce masa a harshe.

Mu dubi wurin da abin ya fi fitowa fili. Saurayi ya aiko neman aure. An shimfiɗa tabarma, an kawo goro, an gaisa. Yaron yana salla, yana da sana'a, babu wanda ya taɓa jin abin kunyarsa. Sai baffan yarinya ya sunkuyo ya ce, "Ɗan gidan wa ne?" A faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce za a yi shawara, kowa kuma ya san ma'anar shawarar. Tsakanin jin sunan gidan da wannan shirun akwai ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a nan ne muraƙaba take da aiki: baffa ya tambayi kansa, me na gani a yaron nan wanda Allah ya ƙi? Haka abin yake ranar zaɓen liman, da ranar rabon gona, da ranar tsayar da ɗan takarar kansila.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan ra'ayi, kuma na yarda da rabinta. An daɗe ana amfani da wa'azin zuciya wajen rufe bakin wanda aka zalunta. A ce da wahaya ta yi haƙuri, a ce mata aljannarta tana cikin biyayya ga ubangida. Natsuwar da za ta sa wanda aka cuta ya haɗiye kukansa, ƙarin zalunci ce. Saboda haka nauyin hisabin nan yana kan mai gori ne da mai cin gajiyar tsarin, kuma ba ya maye gurbin kotu ko makaranta ko takardar mallakar gona. Da Hadijatu ta zauna tana haƙuri, da ba a yi hukuncin 2008 ba.

Wasu za su ce ai muna da taubasantaka, wadda UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Gaskiya ne raha ta kashe wutar rigingimu da yawa tsakanin ƙabilu, kuma tana tuna mana cewa rayuwar manomi da makiyayi da maƙeri a sarƙe take. Sai dai wasan taubasai yana tafiya ne tsakanin mutane biyu da kowannensu zai iya ramawa. Idan ɗaya ya kira ɗaya bawa, kakan wancan kuwa da gaske an taɓa mallakarsa, to wannan ba raha ba ce, ko da an yi dariya.

Kirana ga malaman zaure da limaman Juma'a na Tajaye da Malbaza da Ƙonni da Illela shi ne, idan an zo babin muraƙaba, a ambaci gorin asali da sunansa kamar yadda ake ambaton hassada da riya. Sarakuna da hakimai kuma, waɗanda auren talakawansu da gonakinsu ke bi ta hannunsu, su daina karɓar asalin bauta a matsayin hujjar hana aure ko hana gona.