Pingao: Ciyawar da Ba Ta Son Yashi Ya Tsaya

A gaɓar tekun Niyu Zilan akwai wata ciyawa da 'yan ƙabilar Maori ke kira pingao, wadda ba ta fitowa da kanta a ko'ina a duniya sai can. Masana tsirrai sun sa ta a dangi ɗaya da aya da kajiji, kuma tun 2010 sunanta a wajensu Ficinia spiralis. Ganyenta kaushi gare shi, yana farawa kore, sannan ya rine ya koma ruwan zinariya. Furenta baƙi-baƙi ne, yana nannaɗe kara har sama.

Mazauninta tuddan yashin da ke fuskantar teku ne, inda iska ke kaɗawa da gishiri, ga ƙasa ba taki. Saiwarta, mai kaurin igiya, tana rarrafe cikin yashi. Idan iska ta kwaso yashi ta binne ta, sai ta fitar da sababbin jijiyoyi ta ƙara tsiro. Ranar da tudun ya daina motsi, wasu tsirrai suka samu wurin zama, ranar ta fara ramewa. Kuma da yake ganyenta ba ya cunkushewa, wani yashin yana tsayawa, wani ya wuce, don haka tudun da take ginawa gajere ne mai sauƙin gangara.

Nan ne Turawa suka yi kuskure. A ƙarni na 19 sun shigo da ciyawar marram daga Turai domin ɗaure yashin da ke cin gonaki. Ta ɗaure shi kuwa, amma ta tara dogayen tuddai masu tsayuwar bango, ta kuma shaƙe pingao. Ƙone-ƙone da kiwon shanu da tumaki da ɓarnar zomaye suka ƙarasa aikin.

Maori kam sun san darajar pingao tun da can. Da ganyen, wanda ba ya buƙatar rini, suke saƙa jakunkuna da huluna da tabarmi, da adon bangon zaurukan taronsu da ake kira tukutuku. A tatsuniyarsu ma pingao girar Tane ce, ubangijin daji. Yadda ake girbi yana da muhimmanci: yanke ganye ya fi fizge kan tsiron, domin fizgar tana kashe wurin tohuwa.

Yau ana cire marram ana sake dasa pingao a gaɓoɓi da dama. Dashen ba zai yi albarka ba sai an tsare shi daga zomaye da tayoyin motoci, an kuma bar yashin ya ci gaba da tafiya.