Daga agogon Barth zuwa motar awo: tarihin taswira da sunayen garuruwanmu

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar ƙasida za mu bi tarihin awon ƙasa mataki-mataki, domin mu nuna abu guda: gano inda wuri yake ya koma aikin na'ura, amma sunan wurin daga bakin mutane yake fitowa, kuma nan ne aka bar Hausa baya.

2. Zamanin agogo da taurari

Heinrich Barth, Bajamushen da ya biyo ta Tasawa a 1851, ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852, da agogo da kamfas ya yi aiki. Yakan rubuta inda ayari ya dosa da tsawon lokacin tafiya, sunayen zango kuwa sai ya tambayi abokan tafiya. Daga baya Petermann ya mai da waɗannan bayanai taswira a Turai.

Bayan yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906, tawagar kyaftin Tilho (1906-1909) ta shata iyaka daga kogin Isa zuwa tabkin Cadi, tana auna taurari da dare. Tafintanta, Landeroin, ya san Hausa, har shi da Tilho suka wallafa nahawunta a 1909. Duk da haka, da kunnen Bafaranshe aka rubuta sunaye a zamanin mulkin mallaka: Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Maraɗi ta rasa lanƙwasar ɗ. A Birni N'Konni ma an tsinke -n ta mallaka daga jikin «birni» an liƙa wa Ƙonni. Taswirorin ma'aunin 1/200.000 da hukumar IGN ta Faransa ta zana daga hotunan jirgin sama, tun shekarun 1950, wannan rubutu suka gada.

3. Zamanin tauraron ɗan Adam

Amurka ta harba tauraron GPS na farko a 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kilomita kusan 20.200, kuma na'urar da ta kama saƙon huɗu daga cikinsu tana iya lissafa inda take. Har watan Mayu na 2000, da gangan ake gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskure yakan kai mita 100; da aka daina, sai ya sauko zuwa ƴan mitoci. Rasha da Turai da Sin su ma suna da nasu: GLONASS, Galileo da BeiDou.

4. Motar da ke awo tana tafiya

Wajen 1990, masu bincike a jami'ar jihar Ohio suka ɗora na'urar GPS da kyamarori bisa mota, ta dinga auna hanya ba tsayawa. Wannan dabara ce Google ya yaɗa da Street View a 2007. Yanzu ana ƙara hasken leza mai auna nisa. Inda saƙon tauraro ya yanke kuma, na'ura na gina taswira tana neman kanta a cikinta lokaci guda.

Saura tantance abin da aka ɗauko, wato aikin ƙirƙirarriyar basira. A 2021 Google ya fitar da zanen gine-gine miliyan 516 na Afirka, waɗanda kwamfuta ta gano cikin hotunan tauraro. Tun 2017 kamfanin ya bayyana tsarin da ke karanta sunayen tituna, wanda aka horar da hotuna fiye da miliyan ɗaya na allunan titunan Faransa. Ke nan na'ura abin da ke bisa allo take kwafewa. In allo ya ce Dogondoutchi, ba za ta san dogon dutsi ake nufi ba. Unguwar da ba ta da allo kuwa, za ta fito da gidajenta duka, amma ba suna.

5. Kammalawa

Ƙasarmu ta tsai da ƙa'idojin rubutun Hausa da dokar 1999, kuma taswirar OpenStreetMap, da aka kafa a 2004, tana karɓar sunan wuri cikin harsuna da yawa. Abin da ya rage aikin sashenmu ne: ɗalibai su naɗi sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da unguwanni daga bakin tsofaffi, a rubuta su bisa ƙa'ida, a haɗa kowane da ma'auninsa. In muka yi jinkiri, rubutun 1900 ne na'urori za su ci gaba da koya.