Magabata suna gaba ne ko suna baya?

Wani ɗalibina a Damagaram ya taɓa katse ni ina cikin darasin tarihi. Na ce Sarki Tanimun ya yi mulki "can baya", a ƙarni na 19, jim kaɗan kuma na saka shi cikin "magabatanmu". Yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai yana gaba ne ko yana baya?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa.

Sai da na koma gida na gane cewa hanya biyu Bahaushe ke kallon lokaci, yana cuɗa su bai sani ba. Wani sa'in shi matafiyi ne shi kaɗai, gobe na gabansa, jiya na bayansa. Nan muka samo "nan gaba" da "shekarun baya". Wani sa'in kuma zamani ayari ne, irin na fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Jagaba ke fara isa zango, na ƙarshen layi sai daga baya. Wanda ya riga ka zuwa duniya ya gabace ka, mu kuwa 'yan baya ne. Shi ya sa "bayan Sallah" ke nufin lokacin da bai zo ba tukuna.

Mutanen Aymara na tsaunukan Bolibiya da Peru da Chile nasu daban ne. Kalmarsu "nayra" tana nufin ido, tana nufin gaba, tana kuma nufin zamanin da. "Qhipa" baya ce, ita ce kuma abin da zai zo. A 2006 Rafael Núñez da Eve Sweetser suka wallafa binciken da ya nuna tsofaffinsu na miƙa hannu gabansu in suna zancen da, su yi nuni bayan kafaɗa in suna zancen gobe. Ni dai na ga hikima a ciki, don abin da ya faru ne kaɗai ido ya gani.

Abin da ke damuna shi ne littattafan makaranta sun fi riƙe matafiyin nan shi kaɗai. Komai sai "ci gaba" da "ci baya", har yaro ya ɗauka duk abin da kakansa ya yi koma baya ne. Ni ma ban tsira ba. Na lura duk sanda na ambaci Tanimun a aji, hannuna kan jefa shi bayan kafaɗata, bakina kuwa yana kiransa magabaci.